Yadda Ake Amfani da Na'urar Nuna Cunkoso Don Kauce wa Gosulo a Babbar Hanya

Masu karatu da dama sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya. Sun sayi na'urar nuna hanya, ko sun sauke manhajar taswira a waya, amma duk da haka sai su tsinci kansu a tsakiyar gosulo, ja yana haskawa a fuskar na'urar, su kuma ba gaba ba baya. Wasu har sun yanke cewa abin ba shi da amfani. Ni ban yarda da haka ba. Mafi yawan lokuta matsalar ta lokaci ce. Babbar hanya irin wadda aka killace, mai hannu biyu ko uku a kowane ɓangare, ba a barin ta sai a mafitar da aka tanada, kuma tsakanin wata mafita da wata yakan kai kilomita da yawa. Amfanin na'urar yana ƙarewa ne a mafita ta ƙarshe kafin wutsiyar cunkoson. In ka wuce nan, abin da ya rage mata shi ne ta riƙa ƙirga maka mintunan da za ka yi asara. Matakan nan na ƙasa duk wuri ɗaya suka dosa: labari ya iso maka da wuri, kuma ya tarar ka riga ka san abin da za ka yi da shi.

1. Zaɓi na'urar da ke karɓar labarin cunkoso

Kuskuren farko tun a wurin saye ake yin sa. Mutum ya ga an rubuta GPS a jikin kwali sai ya ɗauka an gama. GPS aikinsa ɗaya ne: na'urar ta saurari taurarin ɗan'adam, aƙalla guda 4, ta lissafa inda kake. Taurarin ba su san wata tirela ta faɗi a gabanka ba. Labarin cunkoso ta wata ƙofa daban yake shigowa, kuma ita za ka tambaya kafin ka biya kuɗi. Iri uku ne.

Na farko, wayar da ke aljihunka tare da manhaja kamar Google Maps, Waze ko Apple Maps. Labari yana zuwa ta intanet, don haka sai da data. Google ta sayi Waze tun 2013, amma halin Waze da na Google Maps ba ɗaya ba ne. Waze ta fi dogaro da rahoton da direbobi ke turawa da kansu, kuma ta fi saurin jefa mutum cikin lunguna don ta rage masa 'yan mintuna. Google Maps ta fi natsuwa, kuma tana bari ka sauke taswirar yanki ka ajiye a waya.

Na biyu, na'ura ta musamman irin ta Garmin ko TomTom mai kama labari ta rediyo. Tsohon tsarin shi ne RDS-TMC, wanda ke ɓoye saƙon cunkoso a cikin zangon FM. Ba ya buƙatar layin waya ko data, sai dai yana da jinkiri, galibi manyan hanyoyi kaɗai yake kawowa, kuma yana aiki ne kawai a ƙasar da ake watsa shi. Sababbin suna bin rediyon zamani, DAB a Turai, HD Radio a Amurka, kuma sun fi sauri.

Na uku, na'ura ta musamman wadda ke ɗebo labarin daga wayarka ta Bluetooth, ko wadda ke da nata layin a ciki.

A na'urorin Garmin da yawa haruffan ƙarshen suna ne ke faɗa maka gaskiya. LM na nufin sabunta taswira kaɗai, babu cunkoso. LMT ya haɗa da cunkoso. In ka ga LMT-S, sai ka haɗa da waya; LMT-D kuwa ta rediyon zamani yake kamawa.

Gargaɗi: alƙawarin "har abada" da ake rubutawa a kwali yana nufin muddin kamfanin yana ci gaba da kula da wannan samfurin. Kafin ka sayi tsohuwar na'ura a hannu, tabbatar har yanzu ana sabunta ta.

Wajen lissafin kuɗi, kada ka tsaya a kuɗin na'urar. Ka haɗa da mariƙin da zai riƙe ta a mota, caja mai kyau, data, da kuɗin sabunta rajista idan samfurin na biya ne duk shekara. A ganina, mai ƙaramar mota da ke da waya mai kyau ba ya buƙatar sayen komai sai mariƙi da caja. Direban babbar mota ko bas shi ne ya kamata ya sayi na'ura ta musamman, irin wadda ake shigar wa tsayi, faɗi da nauyin mota. Google Maps da Waze ba sa la'akari da waɗannan, za su iya kai tirela ƙarƙashin gadar da ba za ta wuce ba.

2. Gwada ko tana gani a inda kake tuƙi

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. A sa'ar da ka san hanya takan cika, kamar safiyar ranar aiki, buɗe taswira kana zaune a gida ka duba titin da ka sani sarai. Idan launin da ta nuna ya yi daidai da abin da ka san yana faruwa, za ka iya dogaro da ita a nan. Idan titin ba shi da launi ko kaɗan, babu isasshen labari a wurin ke nan. Mai na'urar rediyo ya jona ta a mota ya jira alamar cunkoso ta kunna a fuska; in ba ta kunna ba bayan mintuna da yawa a fili, ko dai ba a watsa saƙon a yankin, ko kuma matsalar tana cikin wayar caji, wadda za mu zo kanta yanzu.

3. Haɗa kaya, ka maƙala ta a wurin da ya dace

Abu uku kake buƙata: mariƙi, caja ta mota, da wayar caji.

Mariƙi akwai mai mannewa a gilashin gaba, akwai na saman dashbod, akwai mai kama ramin iskar AC. Kowanne ka zaɓa, ƙa'idar ita ce idonka ya kai ga fuskar na'urar ba tare da ka sunkuyar da kai ba, kuma kada ta tare maka ganin hanya ko madubi. In mai mannewa ne, goge gilashin ya bushe tsaf kafin ka danna, in ba haka ba zai saki a kan hanya. Na'urar da ta faɗo ƙarƙashin birki kana gudu ta fi gosulo haɗari nesa ba kusa ba.

Gargaɗi: kada ka maƙala komai a gaban inda jakar iskar kariya ke fitowa, wato tsakiyar sitiyari da gaban kujerar fasinja. Haka kuma ka duba dokar inda kake. A jihar Kalifoniya ta Amurka, alal misali, in a gilashi za ka manna na'urar, ƙasan kusurwa kaɗai aka yarda.

Caja ba abin rainawa ba ce. Taswira tana cin batir ta hanya uku a lokaci guda: fuska a kunne, GPS yana aiki, data tana shiga. Ramin USB na tsofaffin motoci da yawa rabin amfiya (ma'aunin ƙarfin wutar caji) kawai yake bayarwa, sai ka ga waya tana jone amma cajinta yana raguwa. Nemi caja mai shiga soket ɗin kunna sigari wadda ke ba da amfiya 2 ko fiye.

Ga masu na'urar rediyo: a samfura da yawa, eriyar da ke kama labarin cunkoso tana cikin wayar cajin da ta zo da na'urar. In ka musanya ta da wata, na'urar za ta kunna, taswira za ta fito, amma labarin cunkoso ba zai ƙara zuwa ba, kuma ba lallai ta sanar da kai ba. Kada kuma ka naɗe wayar ka ɗaure ta dunƙule. Bar ta a miƙe.

Sai batun zafi. Apple ta ce wayoyinta an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salsiyos, kuma waya a bayan gilashi cikin rana tana wuce haka cikin sauƙi. Idan ta yi zafi takan rage hasken fuska, ta daina caji, wani lokacin ta tsaya gaba ɗaya. A lokacin zafi mariƙin ramin AC ya fi, domin iska mai sanyi tana busa bayanta. In hita ka kunna, sai ka rufe wannan ramin.

Wasu motocin gilashin gabansu yana da shafin ƙarfe mai hana zafi shiga, kuma yana raunana siginar GPS. Idan na'urarka tana kama hanya da kyau a waje amma tana rikicewa a cikin mota, matsar da ita kusa da gilashin gefe ka gani.

4. Yi saiti a gida, ba a kan titi ba

Zauna da na'urar kafin ranar tafiya ka bi waɗannan a jere.

Sabunta taswira da manhaja ta Wi-Fi. Tsohuwar taswira ba ta san sabuwar gadar sama ba, kuma labarin cunkoso ba ya gyara titin da babu shi a taswira.

Kunna sashen nuna cunkoso. A wasu na'urorin a kashe yake zuwa.

Zaɓi hanya mafi sauri, ba mafi gajarta ba. Mafi gajarta ba ta damu da cunkoso ba, kilomita kawai take ƙirgawa.

Duba abubuwan da aka ce ta guje wa: hanyar biyan kuɗi, babbar hanya, hanyar da ba kwalta, jirgin fito. Mutane kan kunna ɗaya don wata tafiya su manta, sai na'urar ta yi ta ɓoye musu hanyar da ta fi.

Idan na'urarka tana ba da zaɓi tsakanin ta canza hanya da kanta ko ta tambaye ka, zaɓi ta tambaye ka. Dalilin yana mataki na 7.

Kunna murya, ka haɗa ta da sifikar mota in zai yiwu. A babbar hanya kunne ne ya kamata ya yi yawancin aikin.

A waya, ba manhajar izinin sanin ainihin wurinka, ka cire ta daga cikin waɗanda tsarin tattalin batir ke kashewa a ɓoye. Kashe sanarwar saƙonni, domin saƙon da ya faɗo a kan taswira a daidai mahaɗa yana iya sa ka wuce mafita.

Sauke taswirar yankin ka ajiye. Ka sani ita ba ta ɗauke da labarin cunkoso. Amfaninta shi ne in sabis ya ɗauke ba za ka ɓata ba. Nuna hanya shi kansa ba ya cin data sosai. Abin da ke ci shi ne hoton tauraron ɗan'adam da sauke taswira, sai kuma tsallaka iyakar ƙasa da layin gida, wanda shi kuɗin data yake ƙarawa.

Gargaɗi: wasu manhajojin suna sanar da wurin kyamarar kama masu gudu. A Jamus da Suwizalan amfani da wannan laifi ne. In za ka yi tuƙi a wata ƙasa, duba dokarta ka kashe abin da ta hana.

5. Kafin ka tada mota

Shigar da inda za ka, ko da hanyar da kake bi kullum ce. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi jawo ƙorafin da na ambata a farko. Mutum ya ce ai ya san hanya, sai ya bar taswira a buɗe ba tare da ya faɗa mata inda ya nufa ba. To a haka 'yan kilomitocin da ke kewaye da shi kaɗai take nuna masa. Ba za ta lissafa lokacin isa ba, ba za ta nemo wata hanya ba, domin ba ta san wace mafita ce tasa ba. Sanin hanya daban, sanin abin da ya faru a kanta minti goma da suka wuce daban.

Bayan ka shigar, tabbatar wurin ne da gaske, domin tituna da unguwanni masu suna iri ɗaya suna da yawa. Sannan ka janye taswirar baya ka ga tafiyar daga farko har ƙarshe. Duba ina ja yake, duba hanyoyi biyu ko uku da ta ba ka da bambancin mintunansu. Riƙe sunan ko lambar mafita biyu da ke kafin wurin da ya saba cushewa. Idan labari ya canza kana tafe, ba za ka fara tunani daga tushe ba.

In tafiyar ba ta gaggawa ba ce, gwada canza lokacin tashi. Google Maps tana bari ka sa lokacin da za ka tashi ko lokacin da kake son isa, ta nuna maka yadda hanyar ta saba kasancewa a wannan sa'ar; Waze kuma tana iya tunatar da kai lokacin da ya dace ka fita. Sau da yawa tashi da wuri da rabin sa'a ya fi duk wata hanyar zagaye da na'ura za ta nemo.

Na'urar da ta daɗe a kashe takan ɗauki mintuna kafin ta kama taurari. Kunna ta a fili, ka jira ta nuna wurinka daidai. Duba mai kuma. Shiga cunkoso da tanki a ƙasa yana hana ka zaɓi.

6. Koyi karanta abin da take nunawa

A yawancin manhajoji kore na nufin hanya tana tafiya, ruwan lemo an fara rage gudu, ja cunkoso, ja mai duhu kusan tsaye ake. Amma launi ba shi ne abin da ya fi muhimmanci ba. Sa ido a kan lokacin isa. Idan ka tashi yana cewa 5:40, bayan ɗan lokaci ya koma 5:48, sannan 5:57, cunkoson girma yake yi. Idan ya tsaya ko ya fara raguwa, ana warwarewa.

Yana da kyau ka san daga ina launin yake fitowa, don ka san iyakarsa. Mafi yawansa daga wayoyi da na'urorin da ke cikin motoci ne: tsarin yana ganin saurin tafiyarsu, ya haɗa da ma'aunan da aka binne a titi, kyamarori, sanarwar hukumomin hanya, da rahoton direbobi. Wato wayoyi yake ƙirgawa, ba motoci ba. A 2020 wani mai fasaha a Balin, babban birnin Jamus, mai suna Simon Weckert, ya zuba wayoyi 99 a ƙaramin amalanke ya ja su a ƙafa a kan titin da babu kowa, Google Maps ta nuna titin ja. Akasin haka ma yana faruwa: ƙaramar hanyar da ba ta da masu waya da yawa za ta iya fitowa kamar lafiya lau alhali ba wanda ya kawo labarinta.

Abu na biyu, labarin kullum yana bayan gaskiya da ɗan lokaci, kuma wutsiyar cunkoso ba a tsaye take ba, tahowa take yi wajenka. A wani gwaji da masana suka yi a Japan, aka wallafa a 2008, an sa motoci 22 su yi ta zagaya da'ira mai tsawon mita 230. Ba haɗari, ba shinge, amma cunkoso ya taso da kansa, kuma ya riƙa komawa baya da saurin kusan kilomita 20 a sa'a. In aka yi lissafi da wannan saurin, labarin da ya yi jinkirin minti 5 zai iya kuskure wurin wutsiyar da fiye da kilomita ɗaya da rabi.

Gargaɗi: idan na'ura ta ce cunkoso yana kilomita 3 a gaba, fara sassauta totur tun yanzu, ka ɗauka zai iya bayyana bayan kwana ta gaba. Karo daga baya a wutsiyar cunkoso yana cikin mafi munin haɗurran babbar hanya.

Kallon fuskar na'ura kuwa ya zama ƙiftawa ɗaya. A gudun kilomita 100 a sa'a, mota tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa 3 kana kallon taswira, ka yi tafiyar fiye da mita 80 ba ka ga hanya ba. In akwai fasinja, ba shi aikin na'urar gaba ɗaya: shi ya duba, shi ya faɗa maka a taƙaice.

7. Fita ko zama: yadda za ka yanke shawara

Nan ne aikin yake. Na'ura ta yi ƙara, ta ce ta samo hanyar da ta fi sauri. Kana da wataƙila minti ɗaya ko biyu kafin mafita. Tambayoyi huɗu za ka yi wa kanka, kuma gara ka saba da su tun kafin ranar.

Minti nawa za ka rage? Ga ma'aunin da nake ba da shawara. Ƙasa da minti 5, zauna a babbar hanya, musamman in ba ka san ɗaya hanyar ba. Wannan ɗan bambancin danja ɗaya ko kuskuren kwana ɗaya zai cinye shi. Tsakanin 5 da 15, sai ka duba sauran tambayoyin. Fiye da 15, ko kuma an ce an rufe hanya gaba ɗaya, fita.

Mene ne sanadin? Cunkoson tashi daga aiki yana tafiya, ko da a hankali ne, kuma na'ura tana ƙiyasta shi da kyau domin ta saba ganin sa. Haɗarin da ya toshe hannu biyu, ko gobarar mota, ba wanda ya san yaushe za a janye, kuma ƙiyasin farko yakan yi ƙasa da gaskiya. Aikin gyaran titi yana tsakiya: jinkirinsa yana nan daram, amma ba ya cika ba da mamaki.

Wace irin hanya za ta kai ka? Wata babbar hanya da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da taka abu ne mai kyau. Lungunan unguwa masu kwana goma sha, makarantu, kasuwa, da mahaɗar da za ka tsallaka titi mai cike ba danja, wannan wani abu ne daban. Da dare, ko cikin ruwan sama, ko a yankin da ba ka san yanayin tsaronsa ba, ni ina ganin zama a babbar hanya mai haske da jama'a ya fi, ko da za ka yi asarar minti 20. Na'ura lokaci take aunawa. Ba ta auna ramuka, duhu, ko halin wurin da za ta bi da kai.

Su waye kuma aka faɗa wa? Duk wanda ke gabanka da manhaja irin taka ya ji abin da ka ji. Ƙaramar hanyar da take kore yanzu za ta iya cika cikin mintuna kaɗan, kuma ita ba a gina ta don ɗaukar motocin babbar hanya ba. Idan ka hango layin motoci ya riga ya taru a bakin mafitar har ya fito kan titi, ka makara. Shiga layin gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Ga lissafi don ka ga yadda zuciya ke yaudarar direba. A ce cunkoson kilomita 6 ne, ana tafiya da gudun kilomita 20 a sa'a. Za ka ratsa shi cikin minti 18. Hanyar zagaye kuma a ce kilomita 15 ce, matsakaicin gudunta 40 saboda danja da shataletale: minti 22 da rabi ke nan, ga ƙarin mai, wataƙila ga kuɗin tolget. Wanda ya zagaya zai ji daɗi domin tayarsa ba ta tsaya ba, amma wanda ya zauna zai riga shi isa. To amma a ce cunkoson ya koma kilomita 5 a sa'a. Waɗancan kilomita 6 sun zama minti 72, kuma fita ta zama dole. Shi ya sa na ce ka duba lokacin isa da yadda yake canzawa, kada ka tsaya a ganin ja kawai.

In ka yanke za ka fita, sa sigina ka koma hannun fita tun da sauran kilomita ɗaya ko fiye. Bayan ka fita, bi hanyar har ƙarshe. Direban da ke canza ra'ayi a kowace mahaɗa, ya fita, ya dawo, ya sake fita, yakan tara asarar hanyoyin biyu.

Gargaɗi: in ka wuce mafitar, ta wuce. Kada ka taka birki kwatsam, kada ka yanko hannu biyu lokaci guda, kada ka yi ribas, kada ka ɗauki wanwe. Na'urar za ta sake lissafi cikin daƙiƙu. Haka nan idan allon hukuma a kan hanya ko jami'in da ke tsaye ya saɓa wa na'ura, nasu za ka bi.

8. Idan ka riga ka shiga ciki

Da ka hango motoci tsaye, kunna fitilun gargaɗi masu ƙiftawa don na bayanka ya farga, ka bar tazara tsakaninka da na gaba, ka riƙa duba madubi har motoci su taru a bayanka.

Bar na'urar a kunne, domin wataƙila akwai wata mafita a tsakiyar cunkoson, kuma tambayoyin mataki na 7 suna nan. Tsalle daga hannu zuwa hannu ba ya rage komai na kirki, yana dai ƙara wa na baya taka birki. Gefen titi na motar da ta lalace ne da masu agaji, ba wurin wucewa ba ne, ba kuma wurin tsayawa a danna taswira ba. A Jamus da Ostiriya doka ce da zarar cunkoso ya fara a buɗe hanya a tsakiya: na hannun hagu na ƙarshe su matsa hagu, sauran su matsa dama, don motar asibiti da 'yan kwana-kwana su wuce. Ko a inda ba doka ba ne, barin musu hanya yana gaggauta buɗe titin da kai ma kake jira.

Tura rahoton haɗari a manhaja taimako ne ga na baya, kuma da irinsa kai ma ka samu labari. Amma fasinja ya tura, ko ka yi da murya. A Birtaniya riƙe waya a hannu laifi ne ko da kana tsaye a layin cunkoso.

9. Ɗaukewar sabis da kula da na'ura

Idan sabis ya ɗauke, launukan da ke fuska na ɗazu ne, kuma wasu manhajojin ba sa goge su nan take. Duba alamar sabis kafin ka yarda da kore. Rediyon mota yana cike giɓin a wuraren da tashoshi ke ba da rahoton hanya. A hanyar ƙarƙashin ƙasa ko tsakanin dogayen gine-gine, GPS yakan ɓace ko ya ɗora ka a titin da ke kusa, haka ma inda gadar sama ta hau kan wani titi. In ta ce ka juya a inda babu kwana, ci gaba da bin allunan hanya har ta dawo daidai.

In ka isa, cire na'urar da mariƙinta daga gilashi, ka goge zoben da roba ta bari, domin shi ne ke nuna wa ɓarawo akwai abin ɗauka a ciki. Kada ka bar ta a mota cikin rana. Zafi yana kashe batirinta. Sabunta taswira duk wata, ka duba ranar ƙarewar rajistar cunkoso in naka na biya ne.

A makonnin farko, riƙa lura da lokacin isar da ta faɗa maka a farkon tafiya da lokacin da ka isa da gaske, a hanyoyin da ka fi bi. Za ka gano inda take daidai da inda ta saba ragewa. In ka ga a wata mahaɗa kullum ƙiyasinta yana gaza gaskiya da minti 10, sai ka riƙa ƙara su a lissafinka duk lokacin da ta ba ka hanyar da ta bi ta nan.